Bashi ya kai ni bango a Amurka, in ɓoye gwal ɗin madam da filina na Kano?

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Bronx cikin birnin New York shekara 9 kenan da matata da yara 3, gidan haya muke, Uber nake tuƙawa. Bashi ya min katutu, kiredit kad guda biyar da wani lon na banki sun kai dala 46,000. Asalin abun na shiga harkar tura motoci Kwatano ne, wanda nake turawa ya riƙe min kuɗin mota ɗaya dala 6,000 kullum sai gobe sai jibi, ga shi na yi wata huɗu a kwance da ciwon baya, da kati muka dinga cin abinci da biyan haya. Yanzu ɗaya cikin masu katin ya kai ni kotu, aka ce in shigar da karayar arziki, Cafta 7, wato sashen dokar da kotu ke wanke mutum daga bashin da ya kasa biya. Abinda na mallaka, mota Camry da zata yi dala 17,000 amma saura 13,500 ban gama biya ba, kayan gida, dala 900 a banki, difozit na haya 1,800, adashi da na zuba 2,400 ban ɗauka ba tukun, fili a bayan garin Kano da aka taya miliyan 7, sai gidan gadon mahaifinmu da ba a raba ba, Hajiya na ciki, mu goma ne maza 4 mata 6. Madam tana da gwal na lefenta da wata sarƙa da na siya mata bara da kati. Wani abokina yace in ba mai tafiya gida gwal ɗin ya kai wa Hajiya, in maida filin sunan ƙanena, in sa sifili a kayan gida, kar in ambaci adashi, kuma in yi maza in biya wani aminina dala 3,000 da ya ranta min kafin in shigar. Madam tun da ta ji maganar take kuka wai za a kwashe mata kaya. Ina da giriin kad ina son neman zama ɗan ƙasa baɗi. Ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara lafiya, Allah ya yaye. Bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma mutumin da ya kwanta wata huɗu a garin da haya bata jiran kowa ya ciyar da yara uku da kati, ba almubazzari bane, kar ka bari zuciya ta dinga faɗa maka haka da daddare. Na karanta wasiƙarka na ɗau biro na yi lissafi, kuma abinda na gani shine kusan duk abinda kake tsoron a karɓe, dokar da kanta ta bar maka shi, shawarar abokinka ce kawai zata iya sa ka rasa su. Ban ce mugu bane, irin maganar da ake yi a majalisa ce bayan sallar isha, kowa ya ji daga wani, amma ba shi zai ɗaga hannu ya yi rantsuwa ba, kai ne.

Ga yadda abun yake tafiya. Ranar da lauya ya shigar da takardunka a kotun karayar arziki, ku mutanen Bronx taku tana Manhattan can Bowling Green, duk wani kira da wasiƙa da ƙarar da aka kai ka dole su tsaya cak. A ranar kuma duk abinda ka mallaka a duniya ya shiga hannun wani wakili da ake naɗawa, tirasti, dokar ma cewa ta yi duk inda dukiyar take kuma ko a hannun wa take, kaga Kano ta shigo ciki kenan har da Kwatano. Sai kai kuma ka cike fom biyu masu muhimmanci, ɗaya Schedule A/B inda zaka jera komai da kuɗinsa, ɗaya Schedule C inda zaka ce wannan da wannan doka ta kare min su. Abinda kariya ta rufe naka ne har abada, abinda ya yi saura shi tirasti zai iya siyarwa ya raba wa masu binka. Toh abinda mutanenmu basa ganewa, kariyar nan bata hawa kan abinda baka rubuta ba. Filin da ka rubuta ka sa masa kariya ya tsira, filin da ka ɓoye yana nan a matsayin dukiyar shari'ar ko bayan an rufe fayil, ranar da aka gano a sake buɗewa.

A New York an baka zaɓi, ko ka ɗau jerin kariyar jiha ko na tarayya, amma ba a haɗawa, ɗaya zaka ɗauka gaba ɗaya, kuma tunda ka wuce kwana 730 a jihar baka da matsalar wace doka ce ta hau kanka. Na jiha ya fi amfanar mai gidan kansa saboda kariyar gida tana da girma sosai, kai ɗan haya kuwa yawanci na tarayya ne ya fi maka. Alƙaluman da suka fara aiki 1 ga Afrilu 2025, ana sabunta su duk shekara uku, mota dala 5,025, kayan gida da sutura dala 16,850 jimla amma kowane abu ɗaya kar ya wuce 800, kayan ado na gwal da makamantansu 2,125, kayan sana'a 3,175. Sai babbar, wadda zaka ɗora a kan duk abinda ka ga dama, dala 1,675 da ƙarin har 15,800 daga kariyar gida da baka yi amfani da ita ba tunda baka da gida, jimla 17,475. Wannan ta ƙarshen riƙe ta da kyau, ita ce zata ɗauke maka Kano.

Yanzu maganar sa kuɗi. Kuskure biyu ake yi, wani ya sa kuɗin da ya siya, wani kuma ya sa sifili irin na abokinka, duka biyun basu yi ba. Abinda fom ke tambaya shine nawa abun zai yi yau a yadda yake, da tabonsa da tsufansa. Ka ɗauka dillalin gwanjo ne ya shigo falonka yana tayawa, kujerun da kuka siya 1,500 shekara shida da suka wuce yara sun yi tsalle a kai sun zubar da shayi, in ka sa su a Facebook Marketplace da ƙyar wani ya baka 200 kuma sai ya ce kai zaka sauko masa da su. Talabijin, katifa, tukwane, firji in naku ne ba na mai gida ba, waya, kwamfuta, shaddodinka da manyan riguna, haka zaka bi ɗaki ɗaki da takarda kana rubutawa kana duba irinsu nawa ake siyarwa na hannu, ka ɗau hoton shafin ka ajiye saboda in an tambaye ka ina ka samo lambar nan kana da amsa. Zaka sha mamaki, gidan gaba ɗaya zai yi wuya ya kai rabin 16,850 ɗin nan, kuma ba tirastin da zai hau bene ya sauko da tsohuwar katifa, kuɗin ɗauka ma ya fi kuɗinta. Toh me sifili zai ƙara maka? Ba komai sai zargi, mutum mai mata da yara uku yace bashi da ko cokali, daga nan tirasti zai gyara zama ya fara karanta sauran takardun da wani ido.

Mota lissafinta mai sauƙi ne, ba kuɗin motar ake kallo ba, abinda ya rage naka bayan an cire bashin kanta ake kallo. 17,000 a cire 13,500 saura 3,500, kariya kuma 5,025 ce, ta rufe har da canji. Amma ka tabbatar da 17,000 ɗin, ka shiga Kelley Blue Book, shafin kiyasin kuɗin mota, ka sa ainihin mil ɗin da ta ci, motar Uber a New York ba ɗaya take da motar mai zuwa ofis ba, in akwai gyaran da take jira ka karɓo takardar kiyasi daga makanike. Sharaɗin riƙe ta shine ka cigaba da biyan wata wata ba fashi da inshora, bankin motar zai iya kawo maka takardar sabunta alƙawarin bashin, kar ka sa hannu sai lauya ya karanta maka, domin in ka sa hannu daga baya ka kasa biya suka ɗauke motar, ragowar kuɗin yana wuyanka. Lasisinka na TLC kuwa, wato na hukumar motocin haya ta birnin, doka ta hana hukuma ta ƙwace wa mutum lasisi don kawai ya shigar da karayar arziki. Sai dai tikitin fakin da tarar hukuma, su Cafta 7 bata wanke su, haka kuɗin ciyar da yara da kotu ta yanka da yawancin bashin haraji.

Mu zo kan madam, don gaskiya ita ta fi bani tausayi a cikin wasiƙar nan, ba ita ta ci bashin ba amma ita ke kuka. Ka zauna da ita yau, ba gobe ba, ka faɗa mata gwal ɗin lefenta nata ne. Nata ne a addini, ka sani na sani sadaki da lefe in an bayar sun bar hannun miji, kuma nata ne a dokar New York domin jihar bata cikin jihohin da ke ɗaukar dukiyar ma'aurata a matsayin ta tarayya kamar Texas ko California. In kai kaɗai ka shigar, kuma katunan da sunanka kaɗai suke, abinda yake mallakinta baya shiga dukiyar shari'ar. Za a tambayi kuɗin shigarta in tana aiki saboda ana auna kuɗin shigar gidan gaba ɗaya na wata shida da suka wuce kafin a yarda ka cancanci Cafta 7, amma tambayar albashi daban karɓar awarwaro daban. Abinda zai taimaka shine shaida, hotunan biki da take sanye da su, bidiyon buɗen lefe in akwai, rasit in Allah ya sa an ajiye, ku tattara. Kuma ka faɗa wa lauya akwai gwal a gidan kuma nata ne, a rubuta a inda ya dace, kar a ji shi daga baya.

Ka duba abinda tura shi Kano zai jawo. Abu ne da yake halal ɗinta ba mai taɓawa, ranar da ka saka shi a jakar matafiyi sati biyu kafin ka shigar sai ya koma kama da dukiyarka da kake gudu da ita, ka ɗauki abu mai tsabta ka shafa masa laifi da hannunka. Balle hatsarin hanya, da kuma abinda ni da kai muka sani, gwal ɗin matar ɗa in ya shiga ɗakin uwar miji da sunan ajiya, ga bikin ƙanne mata shida, fitowarsa cikakke sai addu'a, kuma rigimar da zata biyo baya ta fi ta masu kati zafi.

Sarƙar bara ita ce mai ɗan ƙura. Kyauta ce ka yi lokacin da bashi ya riga ya hau ka kuma da kuɗin kati, fom ɗin yana tambaya ƙarara ko ka ba wani kyautar da ta wuce dala 600 cikin shekara biyu, amsar eh ce, ka rubuta. Tirasti yana da ikon ya nemi a dawo da kyautar da aka yi cikin shekara biyu in mai bayarwa ya riga ya karye a lokacin, ko a biya kuɗinta, sau da yawa ana daidaitawa a biya wani abu kaɗan kaɗan ta zauna a wuyan mai ita. Ka shirya wa madam zuciya a kan wannan ɗaya ɗin, gara ta ji daga bakinka. Kuma gwal shi ne abu ɗaya a gidan da lissafinsa ya saɓa da na kujeru, shi hawa ya yi, a 2025 oza ɗaya ta haura dala 3,000 a watan Maris ta kuma haura 4,000 a Oktoba. Oza giram 31.1 ce, gwal ɗinmu na Dubai da Makka yawanci 21 ne wato kashi 87.5 cikin ɗari, in oza tana 4,000 giram ɗaya na 21 ya kama wajen dala 112, giram 60 kaga ya doshi 6,750. Don haka kar a sa kuɗin da aka siya shekara goma baya, ku je layin masu gwal na 47th Street a auna, shago biyu ko uku su rubuta muku nawa zasu siya ranar. In kuma akwai kati ko lon da ta sa hannu tare da kai, wankewarka bata wanke ta ba, zasu juya kanta, a nan ne lauya zai duba ko ku shigar tare, in kun shigar tare ita ma tana da nata 2,125 da nata 17,475 da zata ɗora a kan gwal ɗinta.

Fili. Miliyan 7 a kunne babban kuɗi ne, amma kotu da dala take lissafi, a ce dala tana naira 1,500, filin nan dala 4,667 ne. Gidan gado shima dole a rubuta, rashin rabawa bai hana kason ka zama naka ba tun ranar da mahaifinku ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba gidan duka zaka rubuta a matsayin naka ba, kasonka kawai. Misali a ce gidan zai yi miliyan 40 kuma ba wani magaji bayan ku, Hajiya ta ɗau tumuni miliyan 5, saura 35 a raba kashi 14 tunda namiji yana ɗaukar biyu, kai naka miliyan 5, wajen dala 3,333. Yanzu tara su, fili 4,667, gado 3,333, adashi 2,400, banki 900, difozit 1,800, ya kama 13,100. Kariyarka 17,475. Ka gani? Waɗannan duk sun shige har da ragowar sama da dala 4,000. Ka sa ƙanenka ya samo dillalan unguwar biyu ko mai kiyasin gidaje mai hatimi su rubuta kiyasi a takarda da kwanan wata, na filin da na gidan, a turo maka da hoton takardar filin, lauya ya juya zuwa dala da canjin ranar shigarwa.

Ko da gidan ya fi yadda na ƙiyasta har lissafin ya ɗan haura, ba shikenan ba. Tirasti ɗan kamasho ne, ɗan kuɗi kaɗan ake bashi a fayil ɗin da ba komai, in ya siyar da abu yana samun kashi 25 cikin ɗari na dala 5,000 ta farko da kashi 10 na abinda ya biyo baya har 50,000, saboda haka yana da kwaɗayin nema amma kuma yana da lissafi, kaso ɗaya cikin gidan da tsohuwa ke zaune a wata ƙasa da magada goma sha ɗaya, wahalar siyar da shi ta fi ribarsa, doka ta bashi dama ya saki irin wannan, ko ya ce ka fanshi abinda ya haura da kuɗi. Amma shi zai yanke bayan ya gani a rubuce, ba kai zaka yanke masa ta hanyar yin shiru ba.

Maida filin sunan ƙanenka kuwa shine mafi muni a duk shawarwarin. Fom yana tambayar duk abinda ka siyar ko ka sauya wa suna cikin shekara biyu, ko dai ka faɗa a warware cinikin kuma wataƙila kariyar da da zata rufe shi ta faɗi, ko ka yi ƙarya bayan rantsuwa. Ɓoye kadara da rantsuwar ƙarya a wannan shari'a laifin tarayya ne, ɗauri har shekara 5 da tarar da zata iya kai dala 250,000, kuma tun kafin a je nan alƙali zai iya hana ka wankewar gaba ɗaya, ka tashi ga bashin 46,000 yana nan ga fili ya tafi. Kar ka ce wa zai sani. Sitetimen ɗin bankinka da zaka miƙa yana ɗauke da duk kuɗin da ka tura gida ta Sendwave ko Western Union, tirasti zai ga dubu biyu dubu uku sun fita ya tambaye ka na menene, sannan yawancin asirin da ke tonuwa na kusa ne ke tona shi ranar da aka ɓata. Ga kuma maganar zama ɗan ƙasa, shigar da karayar arziki shi kansa baya hana ka, ba laifi bane haƙƙi ne da doka ta bayar, amma ana duba halin mutum na shekarun baya, kuma ƙarya a gaban kotun tarayya tana cikin abubuwan da ke rusa wannan har ta taɓa giriin kad ɗin kansa. Dala 4,667 da doka ta riga ta bar maka bata kai wannan ba.

Kuɗin cefanen da kake tura wa Hajiya duk wata kar ka ji tsoronsa, akwai layinsa a fom ɗin kashe kuɗi, tallafin wanda baya zaune tare da kai, ka rubuta yadda yake. Adashi ma ka rubuta, abinda ka zuba baka ɗauka ba kuɗinka ne a hannun uwar adashi, ka sanar da ita a natse don kar ta ji daga sama, da ace ka riga ka ɗauka ne kana kan zubi to da su ne masu binka. Dala 6,000 na mutumin Kwatano shima kadara ce a idon doka tunda kai kake binsa, a rubuta da bayanin cewa shekara nawa ana bi ba a samu ba, tare da saƙonnin WhatsApp ɗinku, in tirasti yana ganin zai iya karɓowa bismillah, ai ya taimaka. Sai abu ɗaya da baka ambata ba kuma shi tirasti yafi so saboda kuɗi ne tsaba, kuɗin haraji da ake maido muku farkon shekara, mai yara uku yana iya samun da yawa. In ragowar kariyar bata rufe shi ba lauya zai iya ce maka ka jira ya shigo, ku biya haya da abinci da gyaran mota da kuɗin lauyan da shi ku ajiye rasit, sannan a shigar, wannan halal ne a doka. Haka in wani gado ya faɗo maka cikin kwana 180 bayan ka shigar, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, dole a sanar.

Amininka mai dala 3,000 na fahimci nauyin da kake ji, mutumin da ya ranta maka ba ruwa ba takarda ranar da banki ba zai kalle ka ba, kunya ce a ce sunansa ya shiga layi ɗaya da kamfanin kati. Amma in ka biya shi yanzu cutar da shi zaka yi, duk wanda ka fifita ka biya sama da dala 600 cikin kwana 90 kafin shigarwa tirasti zai iya bin sa ya karɓo, in ɗan'uwa ne ko na jiki sosai har shekara ɗaya ake komawa baya, kaga ka jawo masa wasiƙar lauya a banza. Dole sunansa ya shiga jerin masu binka kuma kotu zata aika masa takarda, don haka ka taka ka same shi kafin takardar ta riga ka, ka ce Alhaji ga halin da nake ciki, kuɗinka na nan a wuyana. Dokar ta faɗa a fili cewa ba abinda ya hana mutum ya biya duk bashin da ya ga dama da kansa bayan an wanke shi, daga kuɗin da ya samu bayan shigarwa, sai ka fara da shi ɗari biyu ɗari uku har ka gama.

Nasan akwai wata tambaya a ƙasan wannan duka ko baka rubuta ba, shin na ci haƙƙin mutane. Alƙur'ani a Baƙara aya ta 280 cewa ya yi in mai bashi yana cikin ƙunci a jira shi zuwa sauƙi, kuma ya zo a Sahihu Muslim wani mutum ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya siya bashi ya masa yawa, aka tara masa sadaka bata isa ba, Annabi SAW ya ce wa masu binsa ku ɗauki abinda kuka samu ba ku da wani abu sai wannan. Malaman fiƙihu suna da babi guda a kan wanda ya karye, ana bar masa suturarsa da abincin iyalinsa. Abinda aka kira zalunci shine mai hali ya dinga jan biya, wanda ya ɓoye fili ya ce bashi da komai shi ya fi kusa da wannan. Maganar uwar kuɗin da ka ci da ko tana nan a kanka in Allah ya buɗa, ka zauna da malamin da ka yarda da shi a masallacinku, kuma ka tuna mai bashi yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su, ba abin kunya bane ka faɗa wa kwamitin zakka halinka.

In lauya ya duba ya ga kadarar ta haura kariya da yawa, misali gidan gadon yana bakin titi ne a cikin gari kuɗinsa ya ninka, akwai Cafta 13, ka riƙe komai ka dinga biyan wani abu duk wata shekara 3 zuwa 5, sharaɗin masu binka su samu aƙalla kwatankwacin abinda ya haura ɗin, amma tana son kuɗin shiga tsayayye, kai kuma bayanka bai gama warkewa ba, ka auna. Akwai kuma sasantawa da masu kati ɗaya bayan ɗaya a biya wani kaso a yafe saura, sai dai da 46,000 da ƙara a kotu ban ga inda zaka samo dunƙulen kuɗin ba, kuma ka kiyayi kamfanonin da ke talla a rediyo suna cewa zasu goge maka bashi ka dinga tura musu kuɗi. Cafta 7 tana zama a rahoton kiredit, wato tarihin bashinka da bankuna ke dubawa, shekara 10 kuma ba a sake samun wata wankewar irinta sai bayan shekara 8, ka san da wannan kafin ka shiga.

Ƙarar da aka kai ka kar ka share ta, takardar sammacin tana da wa'adin amsawa, in ya wuce za a yanke a bayan idonka su fara taɓa asusunka. Satin nan ka kira 311, lambar neman taimako ta birnin New York, ka nemi a haɗa ka da masu ba da shawarar kuɗi kyauta na birnin, ka kuma tuntuɓi Legal Services NYC ko City Bar Justice Center, suna da masu taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi a irin wannan shari'a. Da fili a waje da gado da sarƙar bara, taka ba wadda mutum zai cike da kansa a waya bace, lauya kake buƙata, kuma ka faɗa masa duka har shawarar abokinka. Kuɗin kotu dala 338 ne ana iya biya kashi kashi, akwai ɗan kwas na shawarar bashi da dole ka yi cikin kwana 180 kafin shigarwa da wani bayanta. Wajen wata ɗaya da shigarwa zaka zauna da tirasti, yanzu ta Zoom ake yi, ka rantse ya maka tambayoyi na 'yan mintuna, in turancin shari'a na maka nauyi ka ce a nema maka tafinta tun da wuri, kyauta ne. Daga yau ka daina goga katunan nan ko na dala goma, musamman cirar tsabar kuɗi, kar ka rufe wani asusu, kar ka sauya wa komai suna, kuma ka kira ƙanenka a daren nan ka ce masa takardar filin ta zauna yadda take, dillalai kawai zai nemo.